Baba Yana Jiran Digiri, Ni Kuwa a Apo Za a Yaye Ni

Anti Zulai, assalamu alaikum. Ki taimake ni da shawara, kuma don Allah a fitowar wannan makon, domin sati uku kacal ya rage mini, kuma na rasa wanda zan kai wa maganar nan da ba zai fara da dariya ba. Maigidana ya yi dariya, aminiyata ta yi, ni ma in na zauna ni kaɗai nakan yi. Amma da na tuno fuskar Baba sai dariyar ta ɗauke.

Ni ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja, mataki na tara, shekarata talatin da ɗaya, ina da aure da 'ya guda. Mahaifina tsohon sufeton makarantu ne. Da ya yi ritaya sai ya sayi fili a Uke, kan hanyar Keffi, ya yi gini, ya haƙa tafkin kifi biyu, suna can shi da Ummata. Mu biyar ne 'ya'yansa, ni ce auta. A falonsa akwai bango guda da ba hoton kowa a jiki sai takardun shaidar karatunmu, kowace a cikin gilashi, an jera su bisa tsarin haihuwa. Yayyena huɗu duk suna da digiri na biyu. Baƙo ba ya gama shan ruwa a gidan ba a tashe shi an zagaya da shi bangon nan ba.

Shekara uku da suka wuce ni ma na shiga karatun digiri na biyu, irin na ƙarshen mako, a fannin gudanar da mulki. Ba wanda ya tilasta ni, kuma daga albashina na biya. Zango ɗaya na yi. Ba laifin malaman ba ne, ni ce dai na ga abin da nake yi daga Litinin zuwa Juma'a a kan teburin ofis shi ake karanta mini ranar Asabar daga littafi, sai in riƙa gyangyaɗi da biro a hannu.

Lokacin ne kowa a ofishinmu ya sayi mota, ni ma na sayi wata 'yar Beljiyam, wato ta hannu, mai yagaggiyar kujerar direba. Wata Asabar na ce bari in biya ta Apo, unguwar kanikawa, a gyara mini kafin lacca ta biyu. Aka nuna mini rumfar wata mata, zan kira ta Mama Rosemary. 'Yar Gbagyi ce, ta haura hamsin, gajeriya, ga damtse, tef ɗin awo ba ya barin wuyanta. Takan nuna wasu benaye da ake hangowa daga rumfar ta ce gonar doyar babanta tana ƙarƙashin wancan mai jan rufi, in mutanen gidan sun haƙa bayan kicin za su ci sakwara. Ɗinkin kujerun mota ne sana'arta, kekunan ɗinki uku, ma'aikata shida, kuma duk layin ana kiranta Oga Mama. Na zauna a kan benci ina kallon yadda ta tuɓe rigar kujerar, ta sa reza ta farke ta gunduwa-gunduwa, ta shimfiɗa a kan sabuwar fata, ta zagaye da alli, ta yanka. Anti, ban je laccar ba. Asabar ta gaba na koma da kujerar gefe wadda ba abin da ya same ta. Ta uku na kai na baya. Ta huɗu ina tsayawa ta dube ni ta ce, "Kai 'yar ofis, motarka ba sauran kujera. In kallo ka zo yi, ga reza, farke wannan." Haka take magana, kowa "kai" ne a wurinta, mace da namiji.

Tun ranar ban sake taka ajin ba. Maigidana ya sani tun daga farko, shi ma ya saya mini rigar aiki mai dogon hannu da nake ɗorawa. Kowace Asabar, da duk hutun shekara, da duk ranar da gwamnati ta ba da hutu, ina Apo.

Wata huɗu ba ta bar ni na taɓa keke ba, farkewa kawai nake yi. Da na yi ƙorafi ta ce tsohuwar rigar kujera ita ce malamar, duk inda wanda ya fara ɗinka ta ya ja zare da inda ya sassauta yana rubuce a jiki, ni kuma da aka ce na yi makaranta ya kamata in iya karatu. Ta koya mini a ɗinke ƙarƙashin kujera, inda mai mota ba zai taɓa leƙawa ba, kamar yadda ake ɗinke sama, domin wata rana wani bakanike zai cire kujerar ya gani, kuma kanikawa ba sa riƙe magana. Ta koya mini kada in karɓi aikin da na san ba zan gama ranar da na faɗa ba, ko da mai shi ya zo da 'yan sanda a bayan mota. Na taɓa ganin ta mayar da wani babban mutum da jif biyu saboda tana da aikin wani direban tasi a hannu, kuma bayan sati biyu mutumin ya dawo da kansa.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar da na ɓata fata. Wata fata ce mai ruwan madara da wani ya kawo daga waje don jif ɗinsa, an auna ta daidai, ba rara. Gefen kujera dama da hagu ne, in ka zana ɗaya sai ka kifa samfurin ka zana ɗayan. Na manta ban kifa ba, na yanka hagu biyu. Da na gane sai na naɗe su na tura ƙarƙashin tebur, kamar yadda ake yi wa fayil mai matsala a ofis, a sa shi a ƙasa a ce ana dubawa. Kafin la'asar Mama ta gano. Ba ta yi mini faɗa ba. Wayarta ta miƙo mini ta ce, "Kira shi yanzu, da bakinka. In ka gaya masa yau, fushin yau kaɗai zai yi. In ka bari sai Juma'a, fushin kwana shida zai haɗa maka." Na kira. Mutumin ya yi ta faɗa har na ɗauke wayar daga kunne. Bayan wata guda sai ga shi da motar matarsa, ya ce a ba wannan mai yanka hagu biyun, ita aƙalla tana faɗin gaskiya.

Daga ragowar fatun da ake zubarwa na fara haɗa jakunkuna. Ta farko karkatacciya ce, Mama ta rataye ta a ƙusa ta ce nan za a riƙa ajiye allura. Yanzu kuwa da sunan rumfarta ake sayar da su, kuma ba ma iya biyan masu so. Kin san garin nan yanzu, kullum ana buɗe sabon banki, kullum taro a otal, kowane taro yana son jakunkuna. Ranar da na ga wata mata da ban sani ba a kasuwar Wuse rataye da jakar da na ɗinka, na bi ta layi uku ina kallon yadda hannun jakar ya zauna mata a kafaɗa, har ta juyo ta riƙe jakar da kyau, ta ɗauka ɓarauniya ce ni. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar da aka ƙara mini girma a ofis.

To ga inda matsalar take. Baba bai sani ba. Duk ƙarshen wata muna zuwa Uke, kuma bayan gaisuwa tambayarsa ta farko ita ce, "Auta, yaya karatu?" Ni kuma in ce, "Alhamdu lillahi, Baba, muna fama." Da farko na ce sai na tabbata zan ɗore kafin in gaya masa. Daga baya na ce sai na iya ɗinki sosai, don in sami abin nunawa. Da aka shekara sai na ga ai ya yi tsawo, da wane baki zan fara. Na ce ana yajin aiki, da lokacin da ake yi da lokacin da ba a yi. Na ce malamin da ke duba kundina ya yi tafiya. Malamin nan da babu shi ya je ƙasa uku a bakina. Baba har ya buga ƙusa a bango kusa da takardar yayana, tana nan tana jira. A Sallar da ta wuce ya sa aka ɗinka masa babbar riga fara, ya hana kansa sawa, ya ce ta bikin yaye Auta ce.

Bara kujerun tsohuwar Fijo ɗinsa suka mutu. Na ce ya ba ni in kai wurin wani da na sani. Hutuna gaba ɗaya a kanta na yi shi, ni kaɗai, Mama ba ta sa hannu ba. Da na mayar masa ya buɗe ƙofa, ya shafa ɗinkin da yatsa daga sama har ƙasa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Wanda ya yi aikin nan ya ji tsoron Allah. Ki ce ina gaishe shi." Maganar ta zo mini har leɓe, sai Umma ta fito da kwanon abinci, na haɗiye. Umma kuwa ina zargin ta gane wani abu. Wata rana ta kama hannuna ta juya, ta ga yatsuna sun yi kanta, ga sauran gam a farce, ta ce, "Biron nan naku na zamani akwai kaifi."

Makon jiya Mama Rosemary ta tara mu ta ce na iya, za ta yi mini firidom, wato yaye. Ta sa rana, Asabar ta ƙarshen wata. A rumfarta ba a wasa da wannan. Ana kafa rumfar haya, a dafa shinkafa, duk layin su zo, liman ya yi addu'a, fasto ya yi. Sannan ta ɗauko sabon almakashi da basilla. Amma ba ɗalibin take bai wa ba. Uban ɗalibi take miƙa wa, shi ya damƙa wa ɗansa da hannunsa a gaban jama'a, ya ce ya yarda, ya sa albarka. Ta ce ta taɓa yaye wani da danginsa ba su san yana koyo ba, suka zo suka cika mata rumfa da hayaniya cewa ta raba su da ɗansu, tun ranar ta yi rantsuwa. Na ce maigidana zai tsaya mini. Ta ce, "Miji ba shi ya haife ka ba." Na ce Ummata fa. Ta ce in uba yana da rai, uba. Ita a zatonta Baba ya sani, ban taɓa ce mata bai sani ba.

A ofishinmu akwai wani dattijon direba, Malam Salisu, mai farin gemu da kwarjini, ya kusa ritaya. Shi ke kawo mini motocin abokan aiki, don haka ya san komai. Ya ce, "Hajiya, wannan ai ƙaramin aiki ne. Ki samo mini rawani, ni zan zama Baba, har kuka zan yi in kina so." Da wasa ya fara, amma yanzu da gaske yake, har ya tambayi sunan garinmu don kada a kama shi. Maigidana kuwa ya ce shi ba zai tona ni ba, amma ba zai yi wa surukinsa ƙarya ba, shi ya sa shekara uku ke nan da an fara maganar karatu a Uke sai ya tashi ya tafi ganin kifi. Baba har yana yaba masa son kiwo.

Anti, Baba ba mai faɗa ba ne. In ransa ya ɓaci shiru yake yi, ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya koma jaridarsa. Ni ce mai karanta masa jarida in idonsa ya gaji, ni yake kira in wayarsa ta rikice. Wannan shirun nake tsoro, da kuma ranar da zan faɗi magana ya dube ni yana auna ko gaskiya ce. In ari Malam Salisu a wuce wurin? In ce wa Mama a bar yayen, tunda ba almakashin ne ya koya mini ɗinki ba? Ko in je Uke, in kuwa zuwa ne, me zan fara cewa? Ina son sana'ar nan, ina son Baba ya tsaya a rumfar nan, kuma ban san yadda zan haɗa su ba.

Ɗalibar Asabar, Abuja.

*

Ɗalibar Asabar, wa alaikumus salam. Ni ma na yi dariya, musamman kan malamin da ya je ƙasa uku, amma bari in fara da abin da ba wanda ya ce miki a wasiƙar nan: barka da gama karatu. Shekara uku ba fashi, a ƙarƙashin malama mai tsanani, har ta ce kin iya. Wannan abin farin ciki ne, kada damuwar da ke gabanki ta rufe miki shi.

Matsala biyu kika haɗa wuri ɗaya, kuma sai kin raba su za ki ga hanya. Ta farko sana'a. Ita ba laifi ba ce, ba kuma abin neman gafara ba. Ta biyu amsar da kike ba mahaifinki duk ƙarshen wata. Ita laifi ce, kin kuma sani. Kina tsoron ranar Uke ne saboda kina ganin za ki je kare kanki a kan duka biyun. A kan ɗaya kawai za ki je.

Maganar Malam Salisu ki bar ta a wasa. Rabin motocin Abuja a Apo ake gyara su, kuma daga Apo zuwa Uke ba tafiyar yini ba ce. A taron da aka dafa shinkafa ba za a rasa wanda ya san wani da Baba ya taɓa duba makarantarsa ba. Ko ma ba a gane ba, duba abin da za ki yi: matar da ba ki taɓa yi wa ƙarya da baki ba, ranar da ta fi kowace girma a tsakaninku za ki yi mata, a kan abin da ta rantse a kai. Za ki fita da almakashi a hannu da mutum biyu da kike ɓoye wa magana maimakon ɗaya. Ki gode wa dattijon, ki gayyace shi a matsayinsa na Malam Salisu, ya zo da hularsa ta kullum.

Fasa yayen ma ba mafita ba ne. Zai ɓata wa Mama Rosemary rai ba tare da ta san dalili ba, kuma tambayar ƙarshen wata tana nan ba ta je ko'ina ba. Wata rana Baba zai ce a kai shi jami'ar ya ji dalilin jinkiri da kansa. Tsohon sufeto ne, kada ki ɗauka ba zai iya ba.

Yanzu mu dubi ɓangarensa, domin yana da shi. Mutanen zamaninsa sun ga lokacin da sai an bi gida-gida ana roƙon iyaye kafin a cika aji ɗaya, na mata kuwa ba a magana. Wanda ya yi rayuwarsa a wannan aikin, ya kuma ga 'ya'yansa biyar sun yi digiri, bangon falonsa ba ado ba ne a wurinsa. Ya gaya wa abokansa kina karatu. In kin faɗa masa gaskiya, ban da ɓacin rai akwai kunyar mutanen da ya gaya wa, kuma wannan kunyar ke kika jawo masa ita. Saboda haka in ya yi shiru, haƙƙinsa ne. Kada ki je da niyyar fitowa da murmushinsa a ranar.

Amma akwai abin da na lura. A aikin jarida na zauna da masu sana'a da dama a garin nan, masu ɗinki, masu zane, masu girki, masu haɗa kujeru. Da yawansu sun taɓa ɓoye wa iyaye. Wani kafinta a Karmo, Abraham, wanda yanzu masu sababbin gidaje ke bin layinsa, ya ce mini shekara biyu mahaifinsa yana zaton magatakarda ne a wani kamfani. Da na tambaye shi abin da tsohon ya ce da ya ji, sai ya ce bai tambaye shi katako ba ko sau ɗaya, tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa: me ya sa ka ga ba za ka iya gaya mini ba? Kusan duk wanda na ji labarinsa haka ne. Iyaye sukan saba da sana'a da wuri fiye da yadda 'ya'ya ke zato, musamman in sun ga ana yin ta da kyau. Abin da ke daɗewa shi ne jin cewa an mayar da su baƙi. Ki shirya wa wannan tambayar, kuma amsarta ba "na ji tsoron za ka hana" ba ce, domin wannan ɗora masa laifin ne. Amsarta ita ce kin ji kunya, kunyar ta yi ta girma, kin yi kuskure.

Ki je wannan Asabar ɗin, ba ta gaba ba, kuma ba ta waya ba. Malamarki ta riga ta gaya miki abin da jinkiri ke ƙarawa, a kan fata kika ji shi, a kan mutum ya fi. Ki fara da Umma a ɗaki. Ta sani, jira take ki ba ta damar sani, kuma ita ta san lokacin da ya dace a shiga wurin mijinta. In kin shiga, ki fara da laifin: kin bar karatun tun zangon farko, shekara uku kina ba shi amsar da ba gaskiya ba, kin zo neman gafara. Ki tsaya nan. Kada ki shiga da jaka a hannu, kada ki kawo labarin bankuna da otal. In ya tambayi inda kike zuwa ranar Asabar, to, sai ki faɗa, kai a ɗage, domin wannan ɓangaren ba na kunya ba ne.

Na san za ki so ki ce masa ke kika ɗinka kujerun Fijo. Kada ki jefa masa ita a tsakiyar magana kamar kin kama shi da bakinsa. Dattijo ba ya son a yi masa tarko da yabon da ya yi da zuciya ɗaya. Kullum yana shiga motar nan, kuma mutum ne mai lissafi, zai haɗa da kansa. In ya tambaya ki amsa. Maigidanki ma yana da tasa gaisuwar, ya bar kifin nan ya shigo bayanki, ya ba da haƙurin shirun da ya yi.

Kada ki yi alkawarin komawa digiri don ki sanyaya masa rai, sai in da gaske za ki koma. Ki je jami'ar ki tambayi ko rajistarki tana da sauran rai, don in ya tambaya ki ba shi amsar da kika bincika. Wataƙila wata rana ki so karatun da ya shafi sana'arki, wannan magana ce ta gaba.

Gayyatar yaye kuwa kada ki haɗa ta da neman gafara a zama ɗaya, kada ya ga kin tuba ne don kina bukatarsa ranar Asabar ta ƙarshen wata. Ki faɗa wa Mama Rosemary gaskiya ranar Litinin, ita ma kin bar ta cikin zaton da ba haka ba. Za ta yi faɗa, ki ɗauka. Sannan ki roƙe ta, in ƙura ta lafa, ta je Uke da kanta ta gayyace shi. Babba da babba ne. Ita malama ce da ta zo ba da rahoton ɗaliba, shi kuma ya yi shekaru yana sauraron irin wannan rahoton, ya san bambancin malamin da ke yabo don daɗin baki da wanda ya hana ɗaliba taɓa keke wata huɗu. Abin da za ta faɗa a kanki cikin Hausarta ya fi duk abin da za ki faɗa a kan kanki.

Wani abu guda, tunda ma'aikaciyar gwamnati ce ke. Ƙa'idar aiki ta taƙaita wa ma'aikaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Kafin ki kafa allo da sunanki, ki nemi wanda ya san dokar ya yi miki bayani, ki zaɓi hanyarki ido buɗe. Baba zai yi wannan tambayar, gara ya same ki da amsa.

Ba zan ce miki zai zo ranar da aka sa ba, ban san shi ba. In bai shirya ba, ki roƙi a ɗaga ranar, ko wata uku ne. Kin iya ɗinkin, wannan ba mai karɓe miki. Albarkar ce ta rage, ita kuwa mutum ɗaya ke da ita, kuma yana Uke. Ki kama hanya da sassafe. Allah ya ba ki bakin faɗa, ya sanyaya zuciyar Baba, ya nuna mana ranar da zai miƙa miki almakashin nan da hannunsa.

Taki,
Anti Zulai